Wasan haruffa da tsofaffin kiɗe-kiɗe: ina dokar haƙƙin mallaka ta shigo?

Ma'abota tsohon kiɗan Turawa suna da wani wasa na canke, kuma a nan Katsina masu sha'awar waƙoƙin dauri sun iya yinsa da namu mawaƙan. Ana bin haruffa ne daga farko. Wanda harafi ya zo kansa sai ya riƙe wani suna a zuci, ya ba da alamu biyu ko uku, kamar garin haihuwa, abin kiɗa ko shekarar rasuwa, sauran su lalubo abin da ya haɗa su. Wanda ya canka shi ke karɓar harafi na gaba. Iyakar nan babu ruwan doka, domin ambaton sunan makaɗi ko sunan waƙa ba kwafar aikin kowa ba ne. Maganar takan taso ne idan aka ce alamar baki ba ta isa ba, a yanko guntun sauti a waya a tura wa jama'a su canka.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, ke kula da ita. Ba sai mai aiki ya yi rajista ba kafin ta kare shi. Da zarar an rubuta waƙa ko an naɗe ta, haƙƙi ya tabbata.

Sashe na 19 ne ya yanke wa'adi. Waƙa ko kiɗan da mutum ya tsara yana cikin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Mu ɗauki sunaye huɗu da za su iya faɗowa idan wasa ya kai kan S. Schubert, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, ya mutu a 1828, don haka abin da ya tsara ya zama na kowa tuntuni. Stravinsky, mai tsara kiɗa haifaffen Rasha, ya mutu a 1971, nasa sai ƙarshen 2041, kuma zamansa baƙo bai raba shi da kariya ba, tunda Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne, ta ƙasa da ƙasa kan kare haƙƙin mallaka, a 1993. Fela Sowande, mai tsara kiɗa ɗan Abeokuta, ya rasu a 1987, ke nan sai ƙarshen 2057. Shi kuwa Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da aka yi wa makwanci a Daura a 1999, waƙoƙinsa na cikin kariya har ƙarshen 2069. Na san masu tsaurin ra'ayi za su ce Sh harafi ne mai zaman kansa a Hausa, wannan su sasanta da alƙalin wasa. Abin lura shi ne haƙƙin nan dukiya ce da ake gada ake kuma sayarwa, saboda haka rasuwar mawaƙi ba ta sake shi ba, hannun magada ya koma ko hannun wanda aka sayar wa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a kan faifai. Sai ka ji mutum ya ce, "Haba Malam, Beethoven fa ya mutu a 1827, Ummarun Dallaje na sarautar Katsina. Wa zai kai ni ƙara?" Gaskiyarsa a kan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Amma sautin da ke cikin wayarsa ba Beethoven ne ya kaɗa shi ba. Wata ƙungiyar makaɗa ce ta zauna ta kaɗa, wani kamfani ya kashe kuɗi ya naɗa, kuma doka ta ɗauki naɗin nan a matsayin aiki na daban mai wa'adinsa: shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Naɗin da ya fito a 1965 ya kuɓuta, wanda ya fito a 2010 sai ƙarshen 2060. A wajen Shata abin ya juya. Faifan garmaho da ya fito a 1970 wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2020, amma waƙar da ke cikinsa da sauranta. Ke nan kowane guntun sauti yana da tambaya biyu: wa ya tsara, yaushe ya rasu, sannan wa ya naɗa, yaushe ya fitar. Sai amsoshin biyu sun wanke shi za a ce ya zama na kowa. Wanda ya iya kaɗa fiyano ya buga Schubert da hannunsa ya naɗa, wannan nasa ne, ya tura wa wanda ya ga dama.

To, ke nan duk mai yin wasan nan ya taka doka? A'a. Sashe na 20 ya buɗe ƙofa ga amfani na adalci, kamar amfanin kai, nazari da bincike ba na neman kuɗi ba, da sharhi. Ya kuma faɗi abin da za a duba: manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba da muhimmancinsa, da ko hakan zai taɓa kasuwar mai aikin. A ganina abokai da ke zaune a majalisa bayan la'asar, ɗaya ya kunna 'yar gaɓa su canka, ba su rage wa kowa ko sisi ba. Zancen da ake yawo da shi cewa in bai wuce daƙiƙa 30 ba ya halatta, babu shi a dokar. Ba ta yanke adadi ba, kuma amshin waƙa, duk gajartarsa, yana iya zama shi ne zuciyarta.

Kuɗi da taron jama'a ne ke sauya hukunci. Gidan rediyon da ya mai da wasan shiri mai tallace-tallace, ko mai ɗakin taro da ke karɓar kuɗin shiga, ko mai tashar YouTube da ke cin riba, duk suna buƙatar izini, kuma yawanci ana samunsa ne ta ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa da NCC ta amince da ita, irin su MCSN. Mai haƙƙi na iya aika wa kamfanin intanet takarda ya nemi a sauke abinsa, yana iya kuma shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Saka aikin wani a intanet don kasuwanci ba da yardarsa ba laifi ne da ke jawo tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun.

Saura kiɗan da ba a san wanda ya fara shi ba, irin taken algaita da tambari da ake ji a hawan Salla ko a Sallar Gani ta Daura. Mutane sukan ɗauka wannan ba shi da mai shi, alhali dokar ta ware wa fasahar gargajiya nata ɓangaren, ta lissafa waƙoƙi da kiɗan gargajiya da raye-raye, har da kacici-kacici. Yin su a muhallinsu na al'ada, ko a gida, ko don koyarwa, babu laifi. Wanda zai naɗe su ya sayar, ko ya fitar da su daga muhallinsu, wajen NCC zai nemi izini, domin ita doka ta ɗora wa ikon bayarwa.