Shelam a wasan birij: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na ajiye alli na bar lakwal, kusan kullum bayan la'asar muna shimfiɗa tabarma a fadarmu ta Sabon Gari, a ɗora shayi, a raba karta. Samarin da suka taso da belot suna zuwa koyon birij, kuma duk wanda ya zo sai ya yi mini tambayoyin da na jiya ya yi. Ga su nan na rubuta. Wanda ya sake tambaya, wayarsa zan nuna masa.

Mushe, mene ne shelam ɗin ma?

Karta 52, mutum huɗu, biyu na karawa da biyu, kowa 13, ke nan ci 13 ne a kowane rabo. Ka yi alkawarin ci 12, ƙaramin shelam ke nan. Ka yi alkawarin 13, babba. A ƙarami sau ɗaya tak aka yarda abokan gaba su ci. A babba ko sau ɗaya.

Daidai yake da kapo na belot?

A'a. Kuma ka fitar da belot daga kanka kafin ka zauna. A nan As ne babba, sai Sarki, Dam, Bale, sannan 10. Balen atu, wato na kalar da ke yanke sauran kala, ba kowa ba ne. 10 ba ta cin Sarki. In ba ka da kalar da aka buga, babu mai tilasta maka yanka da atu, kana iya yar da abin da ka ga dama. Sau nawa zan ga mutum ya ajiye Balen atu yana murmushi, Dam ta hau kansa?

Me ake samu da har ake wannan wahala?

Ladan ƙaramin shelam 500 ne in kana kore, 750 in kana ja, wato a rabon da ladan ci da tarar faɗuwa duk suka fi yawa. Na babba 1000 ko 1500. Pik shida, wato alkawarin ci 12 da pik a matsayin atu, in aka cika yana ba ka 980 a kore, 1430 a ja. Ci ɗaya na ƙari a pik kuwa 30 ne kacal. Ku dubi lambobin nan da kyau, don akwai masu jefa 1430 cikin rijiya wai suna neman 30. Asalin wannan tsarin lissafi Harold Vanderbilt ne, wani Ba'amurke, ya fito da shi a 1925, ba ni na ƙirƙiro ba, ku daina yi mini gardama a kai.

Me ya sa kake daɗewa kafin ka taɓa kartar farko? Shayi har ya huce.

Ya huce. Da zarar abokinka ya baje kartarsa a ƙasa, wanda Faransawa ke kira matacce, lokacin nan ne kaɗai kake da dukan zaɓinka a hannu. Ƙirga cin da yake tabbas. Ƙirga inda za ka iya faɗuwa. Ƙirga ƙofofin shiga hannun matacce, wannan shi ne wanda kowa ke mantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a shelam tafiyar tana farawa daga ci na ɗaya. Yawancin shelam da na ga sun mutu a gabana, a karta ta farko ko ta biyu aka kashe su, sai dai mai su bai gane ba sai a ta goma.

Ampas ba ita ce dabarar manya ba?

Ɗana, ampas ita ce dabarar da aka fara koya maka, shi ya sa kake ƙaunarta. Kana da As da Dam, ka bugo daga ɗaya hannun, ka sa Dam kana fatan Sarki yana wurin wanda ya riga ya buga. Kashi 50 cikin 100. Jefa dala sama ne a ga fuskar da za ta faɗi. Ba na hana ta, amma ita ce ta ƙarshe a layi.

To ga hannun da ya kayar da ni ranar Alhamis, Baba. Ina Kudu, pik shida. Matacce yana da Dam, 10, 8 na pik. As, 5, 4 na ker. As, 8, 6, 4, 3 na karo. 7, 2 na tirefal. Ni ina da As, Sarki, Bale, 9, 7, 6, 4 na pik. Sarki, 6, 2 na ker. 5 na karo. As da Dam na tirefal. Yamma ya fito da Dam ta ker. Na ci, na ja atu, na yi ampas a tirefal, Sarki yana Yamma, na faɗi. Ƙaddara ce ko?

Ƙaddara tana nan, amma kai ma ka taimaka mata. Zauna, wannan tana da tsawo.

Fara da ƙirga. Pik bakwai, ker biyu, As na karo, As na tirefal, 11 ke nan. Saura ɗaya. Kana da ker ɗaya da za ta faɗi, ga kuma Dam ta tirefal a rataye. Idonka ya tafi kan Dam ɗin nan don ita ke ƙyalli. Karo biyar ɗin da ke kwance wurin matacce ba ka ko kalle su ba, don babu hoto a cikinsu ban da As. Alhali karo bakwai ne a hannun abokan gaba, kuma karta bakwai suna rabuwa 4 da 3 wajen kashi 62 cikin 100. In haka suka rabu, ka yanka sau uku, karo ta biyar ta zama sarauniya, ka yar da asararka a kanta. 62 ta fi 50, wannan ko yaron firamare ya sani. Amma ba nan daɗin yake ba. In ka gwada karo ba ta yi ba, ba ka rasa hannu ba, ampas tana nan tana jiranka. In ka fara da ampas ta faɗi, Yamma ya sake bugo ker, kuma an gama da kai. Haɗa biyun: 62, da rabin 38 ɗin da ya rage, wajen 81 cikin 100.

Yanzu ƙofofi. Kana buƙatar shiga hannun matacce sau huɗu: uku don yanka, ɗaya don cin karo ta biyar. Atun da ke waje 5 ne da 3 da 2, saboda haka Dam da 10 da 8 na matacce duk ƙofofi ne, in dai ka adana ƙananan pik ɗinka. Kai kuwa ka ja atu da As da Sarki tun farko, ka rufe ƙofa biyu da hannunka. Ga yadda ake yi. Ci kartar farko da Sarkin ker a hannunka, bar As can. Karo zuwa As, yanka karo da As na pik. E, da As, kada hannunka ya yi rawa. 4 na pik zuwa 8, yanka karo da Sarki. 6 zuwa 10, yanka karo da Bale. 7 zuwa Dam, atu ya ƙare a waje ko da mutum ɗaya ne ya riƙe duka ukun. Ci karo ta biyar, yar da ker. Har kana da damar gwada tirefal don ci na 13 ba tare da fargaba ba, tunda As na ker yana nan ga kuma atu ɗaya a hannunka.

In kuma a zagaye na uku na karo wani ya kasa bi, wato sun rabu 5 da 2, kada ka ruga wurin ampas tukuna. A nan maganar ta ɗan yi santsi, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Idan atu uku na waje sun rabu 2 da 1, wanda yake faruwa kashi 78 cikin 100, zagaye biyu sun share su, Dam ta pik ta rage wurin matacce. Ci gaba da yanka karo: ta huɗu ta ƙofar 10, ta biyar ta ƙofar As na ker, ka ga amfanin barin sa tun farko. Yanzu karo ta ƙare ko'ina. Kana da pik ɗaya, ker ɗaya, As da Dam na tirefal. Sai ka buga ker ɗin nan ka ba su kyauta. In Yamma ne ya ci, ya shiga uku: ya bugo tirefal, ta faɗo cikin bakin As da Dam, ya bugo ker, ka yanka wurin matacce ka yar da Dam daga hannunka. In Gabas ne ya ci, zai bugo tirefal, ka sa Dam, ka koma kan ampas ɗin da da ma za ka yi. Ba ka yi asarar komai ba.

Amma fa ya danganta da wanda kake wasa da shi. Fitowa da Dam yawanci tana nuna Bale da 10 a bayanta, don haka akwai kyakkyawan zato Yamma ne zai ci ker ta uku. Sai dai tsohon ɗan wasa yana hango tarkon, ya zubar da manyan ker ɗinsa tun da wuri don Gabas ya karɓa da 9. In Yamma ne mai gajeren karo, yana da wurin zubarwa. In shi ne mai biyar, da wuya. In kuma atu ya rabu 3 da 0, dole ka ja sau uku, matacce ya rasa atu, tarkon ya rasa haƙori ɗaya, sai ka yi ampas ɗinka ta ƙofar da ta rage ka ce bismilla. Akwai ranar da duk wannan zai faɗi: karo 5 da 2, Sarki a Yamma, Gabas ya ci ker. Ran nan kam ka ce ƙaddara, ni ma zan taya ka.

Ashe ba a cewa a ja atu da wuri?

Ana cewa, kuma sau da yawa gaskiya ne. In ba ka da wani aiki da atun matacce, ja su, kada wani ya yanke maka As da 2. In kana buƙatarsu don yanka ko don ƙofa, dakata. Wanda ya koya maka rabin farko ya bar rabi na biyu, je ka karɓo canjinka.

Lambobin nan duk sai na haddace su? Ni ban yi nisa a lissafi ba.

Kwantar da hankalinki, ƴata, huɗu ne. Karta huɗu a waje: 2 da 2 kashi 41, 3 da 1 kashi 50. Biyar: 3 da 2 kashi 68. Shida: 3 da 3 kashi 36 kawai, 4 da 2 kashi 48. Bakwai: 4 da 3 kashi 62. In ma sun ɓace miki, riƙe wannan: adadi mara, kamar biyar da bakwai, yakan rabu kusa da daidai, adadi cika, kamar huɗu da shida, yakan karkace. Matan da ke sayar da tabarma a Kasuwar Dole suna lissafin da ya fi wannan wuya a ka, ba takarda.

Na shida ɗin nan ku lura da shi. Kullum sai na ji wani ya ce "ai za su rabu uku-uku". Sau ɗaya cikin uku, kusan. Ampas ma ta fi shi.

Atu tara gare mu, babu Dam. In buga As da Sarki, ko ampas?

In ba ka san komai a kan hannunsu ba, As da Sarki. Amma tazarar siririya ce, wajen 52 da 48, ba abin rantsuwa ba. Ƙaramin labari yana juya ta. In a lokacin faɗin alkawari kafin a fara bugu Yamma ya yi shelar ker uku tun buɗe baki, wato yana da ker bakwai, wurin da ya rage masa na sauran kala shida ne kawai, Gabas kuwa yana da fili. Nemi Dam wurin Gabas. Shela ba surutu ba ce, ku riƙa saurare. Da atu takwas kuwa, ampas.

Yaushe ake zuwa shelam?

Ba wannan na zauna rubutawa ba. A taƙaice, ana auna ƙarfin hannu da maki: As 4, Sarki 3, Dam 2, Bale 1. Hannu biyu masu daidaito suna son wajen 33 don ƙarami, 37 don babba. Doguwar kala tana rage kuɗin, hannun ranar Alhamis 27 ne. Kuma ka tambayi As da Blackwood, shelar huɗu ba atu, kafin ka tashi sama. In As biyu suna waje, zauna a biyar.

Ina matacce, na ga abokina zai yi kuskure. In yi tari?

Sunanka matacce. Ka taɓa jin gawa ta yi tari? Sa kartar da aka ce ka sa, ka zuba wa mutane shayi.

Wannan ba caca ba ce, Malam?

A tabarmarmu ko dala ba a ajiyewa, a takarda ake rubuta maki, kuma in ladan ya kira magariba ana kife karta ko da ana tsakiyar babban shelam ne. Hukunci kuwa, malamai sun cika Birni, je ka tambaye su.

Na yi wasan daidai na faɗi, wani ya yi na banza ya ci. Ina amfanin?

Yana faruwa, kuma zai sake faruwa. Kashi 81 yana nufin sau 19 cikin 100 za ka tashi da ɓacin rai. Ni ba na duban ko ka ci ko ka faɗi, tambayar da nake yi bayan rabo ita ce wace hanya ka gani kafin ka taɓa karta. Ka ce mini "na ga biyu, na fara da wadda ba ta kashe ɗayar", na ba ka kofin farko, mai ɗaci. Ka ce "zuciyata ce ta ba ni Sarki yana Gabas", kai ne mai wanke kofuna.

In zo da kartata?

Zo da ita, amma ƙirga ta a gida. 52. Makon jiya wani ya kawo ta belot mai 32, muka raba har zagaye takwas kafin ta ƙare a hannun mai rabo, yana ta duba ƙarƙashin tabarma.