Charlie Chaplin da harkar fim

Charles Spencer Chaplin, wanda aka fi sani da Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwanci ne ɗan ƙasar Ingila, kuma marubucin labarin fim, darakta, furodusa da mai tsara kiɗa. Ya fara fitowa a fim a 1914, ya yi na ƙarshe a 1967, kuma finafinansa sun kai kimanin 80. Mafi yawansu an yi su ne a Amurka, a zamanin da fim ba ya magana. An san shi da fitowa a matsayin wani ɗan gararamba mai ɗan guntun gashin baki, da ƙaramar hula, da matsattsen kwat, da burgujejen wando, da manyan takalma da sandar gora. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan wasan zamaninsa shi ne, tun yana ɗan shekara 28 ya mallaki sutudiyonsa, kuma daga lokacin ba wanda ke gaya masa abin da zai ɗauka ko ranar da zai gama.

Asali da wasan dandamali

Ana ɗaukar 16 ga Afrilu 1889 a matsayin ranar haihuwarsa, a kudancin birnin Landan, ko da yake ba a taɓa samun takardar haihuwarsa ba. Iyayensa duka mawaƙa ne a gidajen wasan kiɗa da barkwanci. Sun rabu yana ƙarami. Mahaifinsa ya rasu a 1901 sakamakon ciwon hanta da shan giya ya jawo masa, mahaifiyarsa Hannah kuma ta yi ta fama da taɓin hankali, ana kai ta asibiti ana sallamo ta. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta a unguwar Lambeth, tare da wansa Sydney wanda uwa ɗaya suke.

Ya shiga wata ƙungiyar yara masu rawa yana kusan shekara goma, sannan ya riƙa fitowa a matsayin yaron aike a wani wasan kwaikwayo na Sherlock Holmes tsakanin 1903 da 1906. A 1908 Sydney ya sama masa gurbi a kamfanin wasan barkwanci na Fred Karno, inda ya goge a barkwancin da ake yi da jiki ba da baki ba. Fitowarsa a matsayin mashayin da ke hana wasa gudana ita ta fito da shi. Da wannan kamfani ya je Amurka a 1910, ya sake komawa a 1912. Stan Laurel, wanda shi ma ya yi suna daga baya, yana cikin tawagar.

Keystone, 1914

Kamfanin Keystone na Mack Sennett ya ɗauke shi a ƙarshen 1913 a kan dala 150 a mako. Salon kamfanin ba shi da wuyar ganewa: a yi guje-guje, a yi faɗe-faɗe, a watsa wa wani abinci a fuska, a gama fim cikin 'yan kwanaki. Fim ɗinsa na farko, Making a Living, ya fito a watan Fabrairu 1914, kuma bai gamsu da shi ba. A cikin watan ne 'yan kallo suka fara ganin ɗan gararamba a Kid Auto Races at Venice, amma masu bincike da yawa na ganin a Mabel's Strange Predicament ya fara saka kayan, fitowarsa ce kawai ta yi jinkiri. A nasa bayanin, ya tsinci kayan ne a ɗakin tufafin kamfani, yana neman komai ya saɓa da ɗan'uwansa: sama a matse, ƙasa a buɗe.

Ɗan gararamba na wannan shekara ba mutumin kirki ba ne. Mazambaci ne, yana harbin mutane da ƙafa, yana bin matan mutane. Taushin zuciyar da aka san shi da shi daga baya ya zo.

Bai daɗe ba ya fara saɓani da daraktoci, har da Mabel Normand, a kan ba sa sauraron shawararsa. Sennett ya yarda ya bar shi ya ja ragamar fim da kansa bayan ya ajiye dala 1,500 a matsayin jingina idan fim ɗin ya faɗi. An fi ambaton Caught in the Rain a matsayin na farko da ya ba da umarni, wasu kuma na cewa Twenty Minutes of Love ne. Kafin shekarar ta ƙare ya fito a finafinai kusan 35. Da ya nemi a mayar da albashinsa dala 1,000 a mako, Sennett ya ce ya yi yawa.

Essanay da Mutual

Kamfanin Essanay na birnin Chicago ya ba shi dala 1,250 a mako da kyautar dala 10,000 a ƙarshen 1914. A nan ya rage gaggawa, ya fara tara 'yan wasansa na dindindin. Cikinsu akwai Edna Purviance, wadda ba ta taɓa yin fim ba kafin ya ɗauke ta, kuma ta fito tare da shi a finafinai sama da 30. The Tramp na 1915 shi ne karo na farko da barkwancinsa ya ƙare da ɓacin rai: yarinyar da yake so ta zaɓi wani, shi kuma ya kama hanya shi kaɗai. A wannan shekara sunansa ya cika Amurka, ana sayar da 'yan tsana masu kamarsa, ana shirya gasar kwaikwayon tafiyarsa. Bayan ya bar kamfanin, Essanay ta ɗauki wani fim nasa na ba'a ga wasan Carmen ta ƙara masa wasu fitowa ba da izininsa ba. Ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya dage sai ya mallaki haƙƙin aikinsa.

A 1916 Sydney, wanda ya zama manajansa, ya ƙulla masa yarjejeniya da kamfanin Mutual a kan dala 670,000 a shekara. Yana da shekara 26, kuma 'yan ƙalilan ne a duniya ke ɗaukar albashi irin wannan. Cikin wata 18 ya yi gajerun finafinai 12, waɗanda masana da yawa ke ganin a nan gwanintarsa ta nuna. A One A.M. kusan shi kaɗai ne daga farko har ƙarshe, mashayi ne da ya dawo gida yana kokawa da matakala da gado. A The Pawnshop an kawo masa agogo jingina, ya duba shi kamar likita, ya buɗe shi kamar gwangwanin kifi, ya zazzage kayan cikin a hular mai shi ya ce ba ya so. Easy Street ya koma da shi lungunan talakawa irin waɗanda ya tashi a ciki, The Immigrant kuma ya nuna baƙi masu ƙaura zuwa Amurka suna hango mutum-mutumin 'yanci na New York, jami'ai na tare su da igiya. Ƙaton da ke zaluntarsa a yawancin finafinansa na Mutual, Eric Campbell, ya mutu a haɗarin mota a ƙarshen 1917.

Jaridun Ingila sun soke shi a lokacin saboda bai shiga soja ba a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sutudiyon kansa

A 1917 ya sa hannu da kamfanin First National a kan finafinai takwas, dala miliyan ɗaya, kuma haƙƙin mallaka nasa ne. Ya gina sutudiyo a titin La Brea a Hollywood, aka buɗe shi a farkon 1918. A Dog's Life da Shoulder Arms, wanda ya yi barkwanci da rayuwar soja a ramukan yaƙi tun ana cikin yaƙin, duk a wannan shekara suka fito. A 1919 ya haɗu da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists, kamfanin rarraba finafinai mallakar masu yin fim ɗin da kansu.

The Kid na 1921 shi ne dogon fim na farko da ya ba da umarni. Ya fara shi jim kaɗan bayan ɗansa na fari ya rasu kwana uku da haihuwa. Labarin ɗan gararamba ne da ya tsinci jariri ya rene shi, yaron na fasa gilashin tagogi da jifa, shi kuma yana biyowa baya yana gyarawa a biya shi. Jackie Coogan ne yaron. Saboda shari'ar sakin aure da matarsa ta farko, Mildred Harris, ya gudu da faifan zuwa Salt Lake City ya tace shi a ɗakin otal don kada a ƙwace.

A Woman of Paris na 1923 ba barkwanci ba ne, kuma bai fito a cikinsa ba sai na ɗan ƙiftawa. Masu sharhi sun yaba, 'yan kallo sun ƙi zuwa. Ya koma barkwanci da The Gold Rush a 1925, wanda ya samo daga tarihin masu neman zinariya a yankin Klondike na Kanada da labarin wasu matafiya da ƙanƙara ta rutsa da su a duwatsun Kalifoniya har yunwa ta sa suka ci naman 'yan'uwansu. Daga wannan ya fitar da fitowar da yake dafa takalminsa ya ci da wuƙa da cokali mai yatsu, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashi. Takalmin na alewa ne. Ya ce da wannan fim yake so a riƙa tunawa da shi. The Circus na 1928 ya sha tsaiko saboda gobara a sutudiyo da sakin aurensa da Lita Grey, amma ya jawo masa lambar girmamawa a bikin Oscar na farko a 1929.

Yadda yake aiki

Har zuwa ƙarshen shekarun 1930 bai taɓa shiga ɗaukar fim da kammalallen rubutu ba. Yakan fara da ɗan tunani, misali ɗan gararamba ya shiga shago, a gina wurin, sannan ya riƙa gwadawa kyamara na aiki. Idan dabara ta ƙi zuwa sai a rufe aiki na kwanaki ko makonni, ma'aikata na karɓar albashi. Ana cewa fitowar da makauniya mai sayar da furanni ta ɗauke shi attajiri a City Lights an maimaita ɗaukarta sau 342. Yakan yi wa kowane ɗan wasa kwaikwayon rawar da zai taka, ya ce ya yi daidai haka. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, sai ya rera wa masu tsarawa su rubuta. Mai ɗaukar hotonsa Roland Totheroh ya yi aiki da shi sama da shekara 30. Ba ya son a san sirrin aikinsa, kuma yawancin abin da aka sani ya fito ne daga ragowar faifan da suka tsira, waɗanda Kevin Brownlow da David Gill suka tattara a wani shirin talabijin a 1983.

Zuwan sauti

Fim mai magana ya shigo a 1927, kuma cikin shekara uku ya mamaye Hollywood. Chaplin ya ƙi. Hujjarsa ita ce ana gane ɗan gararamba a ko'ina a duniya, kuma da ya buɗe baki da Turanci zai rasa masu kallo. Da kuɗinsa yake fim, don haka ba mai tilasta masa. City Lights ya fito a 1931 da kiɗa da ƙararraki amma ba magana, har ya yi wa masu jawabi ba'a da wata ƙara marar ma'ana. Albert Einstein ya halarci nunin farko, kuma fim ɗin ya ci kasuwa. Modern Times na 1936, tare da Paulette Goddard, ya taɓo rashin aikin yi da yadda injin masana'anta ke mayar da lebura bawa. A nan aka fara jin muryarsa, yana rera waƙa da kalmomin da ba na kowane harshe ba. Shi ne fitowar ɗan gararamba ta ƙarshe.

The Great Dictator na 1940 ya yi wa Adolf Hitler ba'a kai tsaye tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwar mutanen biyu, ga kuma kamar gashin baki. Ya fito a matsayin mai mulkin kama-karya da kuma wanzami Bayahude, ya rufe da doguwar huɗuba yana kallon kyamara. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni biyar. A littafin tarihin rayuwarsa na 1964 ya ce da ya san abin da ake yi a sansanonin 'yan Nazi da bai iya yin sa ba.

Barin Amurka

Farin jininsa ya zube a shekarun 1940. Wata 'yar wasa mai suna Joan Barry ta kai shi ƙara a kan shi ne uban 'yarta. Gwajin jini ya nuna ba shi ba ne, amma kotu ta ɗora masa ciyarwa. Aurensa da Oona O'Neill a 1943, tana da shekara 18 yana da 54, ya ƙara jawo surutu. An kuma zarge shi da goyon bayan kwaminisanci, ya musanta, ga shi bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba. Monsieur Verdoux na 1947, labarin mai auren zawarawa yana kashe su, ya faɗi a Amurka. A Satumba 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don nunin Limelight, ministan shari'a na Amurka James McGranery ya soke izininsa na komawa ƙasar. Ya zauna a Corsier-sur-Vevey a ƙasar Suwizalan.

Shekarun ƙarshe

Ya yi fim biyu a Ingila: A King in New York a 1957, da A Countess from Hong Kong a 1967 tare da Marlon Brando da Sophia Loren, wanda shi kaɗai ne fim ɗinsa mai launi. Na biyun bai karɓu ba. Ya koma Amurka a 1972 ya karɓi Oscar ta girmamawa, a 1973 ya ci wata saboda kiɗan Limelight, Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta ba shi sarautar Sir a 1975. Ya rasu ranar 25 ga Disamba 1977. A Maris 1978 wasu mutum biyu sun tone akwatin gawarsa don neman kuɗin fansa, aka gano shi bayan mako 11.

Raj Kapoor na Indiya da Jacques Tati na Faransa na cikin waɗanda salonsa ya yi wa tasiri. Cibiyar adana finafinai ta birnin Bologna a Italiya ce ta gyara finafinansa, kuma an mayar da gidansa na Suwizalan gidan tarihi a 2016.