Kifin beta: asalinsa, kula da shi da kifayen da zai iya zama da su

Kifin beta ƙaramin kifin ado ne da ake ajiyewa a tankin gilashi a cikin gida, sunansa na kimiyya Betta splendens, kuma wani masanin kifaye ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa sunan a 1910. Asalinsa ƙasar Tailan ne, wadda da ake kira Siyam, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai marasa zurfi. Tun da can mutanen ƙasar suna haɗa mazan faɗa, shi yasa ake ce masa kifin faɗa na Siyam, a 2019 ma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Tsawonsa bai wuce santimita 6 zuwa 8 ba, yana yin shekara 2 zuwa 4 in ya samu kulawa. Namijin shi ne mai dogayen fikafikai da jela kamar mayafi, ja ko shuɗi ko ruwan ƙwai, macen kuma gajerun fikafikai gare ta.

Akwai wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye, shi yasa za ka ga yana hawowa saman ruwa yana ɗan kurɓa ya koma. Toh wannan baiwar ita ta jawo masa wahala, don masu sayarwa suna nuna shi a 'yar kwalba sai mutane su ɗauka a haka zai zauna har abada, alhali kawai bai mutu da wuri ba ne, amma wallahi a takure yake. Mafi ƙarancin tankin da ya dace da guda ɗaya lita 20 ne, wato kusan cikin jarka, da murfi saboda yana tsalle, da filta, wato na'urar tace ruwa, mai turo ruwa a hankali don fikafikansa ba sa jure ruwa mai ƙarfi.

Ga mai kiwonsa a gari mai sanyi irin Jos, babbar matsalar ita ce sanyi. Beta kifin ƙasar zafi ne, yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, shi kuwa garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu lokacin hunturu dare kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan ɗan tanki kuma nan da nan yake bin sanyin ɗaki. Kifin da sanyi ya kama za ka same shi kwance a ƙasan tanki ya naɗe fikafikai, launinsa ya koɗe, ka jefa abinci ko kallo ba zai yi ba, daga nan sai cutar fararen ɗigo ko ruɓewar fikafikai ta biyo baya. Don haka hita, wato na'urar ɗumama ruwan tanki, ba ƙawa ba ce a nan, dole ce, mai wat 25 zuwa 50 ta isa lita 20, a haɗa da ma'aunin zafi. In aka ɗauke wuta da dare a lulluɓe tankin da bargo, a cika gorar roba da ruwan ɗumi a rufe ta sosai a sa ta yi yawo a ciki, amma kada a kuskura a zuba ruwan zafi kai tsaye, sauyin farat ɗaya ya fi sanyin illa. Mai kiwo a Abuja bai cika fama da wannan ba, nasa dai kar ya ajiye tanki a bakin taga rana ta dafa ruwan.

Ruwan famfo yana iya zuwa da sinadarin kulorin, sai an ɗiga maganin kashe shi, na bohol ko rijiya kuma a auna ingancinsa tukuna. Sabon tanki yana buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu cinye gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi su zauna a filta, a wannan tsakanin a yawaita canjin ruwa, bayan nan kashi ɗaya cikin huɗu duk sati ya wadatar. Ranar da aka kawo shi a bar ledarsa kan ruwan tanki kamar minti 20 kafin a sake shi. Mai cin nama ne, a dawa ƙwari da tsutsar sauro yake ci, a gida kuma ƙwaya 2 zuwa 4 na abincinsa safe da yamma, ba burodi ba tuwo ba, yawan ci kumbura masa ciki yake yi.

Maganar abokan zama kuwa, gaskiyar ita ce beta ba ya kewa, shi kaɗai ma lafiya lau yake. Maza biyu ba sa haɗuwa sam, ko madubi ka kara masa sai ya baza kumatu ya buɗe fikafikai yana neman faɗa da kansa. Namiji da mace ma sai lokacin haihuwa, inda yake yin sheƙar kumfa a saman ruwa ya tsare ƙwan, ita kuma a cire ta. A guji kifayen ado irin su gofi (guppy) masu dogon jela don yana ɗaukarsu kishiyoyi, da gurami danginsa, da taiga bab (tiger barb) masu yagar fikafikai, da kifin zinariya da ke son ruwan sanyi. 'Ya'yan tarwaɗa ko karfasa da ake samu wajen masu kiwon kifi kuwa kar ma a fara, girma za su yi su cinye shi.

Waɗanda suka fi dacewa su ne masu sanyin hali da ba sa tare masa saman ruwa, kamar ƙananan kifayen ado koridoras (corydoras) da kuli loc (kuhli loach) masu zaman ƙasan tanki, da rasbora, duk a garke na aƙalla 6, a tanki mai lita 40 zuwa sama da tsirrai da wuraren ɓuya. Dodon koɗin ruwa irin narait (nerite) shi ne mafi sauƙi a ganina, yana ma lashe gansakuka. Ƙananan jatan lande kam wani beta zai ƙyale su wani ya yi kalaci da su, don hali ya bambanta daga kifi zuwa kifi. A killace sabbin kifaye a wani mazubi na sati 2 zuwa 4 kafin a haɗa, kuma a ajiye mazubin kusa, in aka ga kora ba tsayawa ko yagaggen jela a raba su a ranar.