Masu tambayar sharuɗɗan doktora a fannin tattalin arziki, ga amsarku

Tun da aka fara batun rajista wayata ba ta huta ba. Ƙannena daga Yamai, daga Tawa, har daga Ƙonni, kowa da tambayarsa, kuma duk iri ɗaya ce. Na tattara su a nan. Wanda ya sake aiko min da ɗaya daga cikinsu, wannan rubutun zan tura masa.

Ina da lisans, zan iya shiga doktora kai tsaye?

A'a. Tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) muke bi: lisans shekara 3 da kiredi (ma'aunin yawan darussa) 180, mastar shekara 2 da kiredi 120, sannan doktora. Je ka yi mastar.

Shekara nawa ake yi?

Shekara 3 a takarda, kuma kowace shekara sai ka sabunta rajista. Wanda ya kai 4 ko 5 bai yi abin kunya ba. Ni ma 5 na yi.

Ba na jituwa da lissafi, amma ina son tattalin arziki. Zai yiwu?

Wannan tambayar tana ɓata min rai. Ƙanena, zaman fada ana muhawara kan tsadar shinkafa daban, tez, wato kundin binciken doktora, daban. In ba ka iya ekonometri ba, wato auna tattalin arziki da lissafi, ba ka taɓa buɗe manhajar Stata ko R ka ja alƙaluma da hannunka ba, me za ka kare a gaban juri, malaman da za su yanke hukunci kan aikinka? Ba a haifi kowa da shi ba, koya ake yi. Amma ka koya kafin ka ajiye dosiye, wato takardun neman shiga. Kada ka bari sai shekara ta biyu ka zo kana neman wanda zai yi maka aikin a ɓoye. Ranar sutunans, ranar kare tez, tambaya ɗaya ke tona asiri.

Wa zai iya zama daraktan tez, mai jagorantar binciken?

Malami mai babban matsayi, farfesa ko metir-da-konferans, irin matsayin da hukumar CAMES, ta ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, ke tantancewa. Ba su da yawa, kuma kowanne ɗalibai sun yi masa yawa. Don haka kada ka je hannu rabbana. Wani yaro ya zo min da takarda guda, an rubuta "talauci a Nijar" da manyan baƙaƙe, wai shi ne batunsa. Wata kuma ta zo da shafi shida kan yadda farashin albasar Galmi ke faɗuwa lokacin girbi ya tashi da damina, da inda za ta samo farashin kowace kasuwa. Ita ta samu darakta.

Mastar ɗina na sana'a ne, ba na bincike ba, kuma ina aiki a Tawa. In yi ko in haƙura?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsarta ta danganta da abubuwa da dama.

A al'ada, mastar na bincike shi ne ƙofar doktora. Mai mastar na sana'a wani lokaci ana karɓarsa, wani lokaci a ce ya koma ya ƙara darussa, ko ya sake shekara ta biyu ta mastar. Makarantar doktora ce ke yanke hukunci, tana duba makinka, da ingancin memuwar ɗinka (kundin kammala mastar), da ko akwai malamin da ya sa hannu zai riƙe ka. Saboda haka kada ka dogara da "wane ma an karɓe shi". Ka nemi sharuɗɗan wannan shekarar a rubuce, daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko duk inda kake nufi.

Batun aiki kuwa, yana yiwuwa, amma ba zan yi maka daɗin baki ba. Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500. In daraktanka yana Yamai, ka lissafa kuɗin mota da kwanakin da shugabanka zai bar ka. Malaman Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna kusa da kai, ka riƙa shiga cikinsu ko don ka samu mai karanta babinka. Wani sa'in ma aikin naka riba ne: in ofishinku na tara alƙaluma kuma an ba ka izini a rubuce, ka riga wasu. In ba haka ba, akwai binciken rayuwar iyalai na INS, hukumar ƙididdiga ta Nijar, irin na 2011 da 2014, da alƙaluman BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne lokaci. In ba za ka iya ware awa biyu kullum bayan asuba ba, da Asabar ɗinka gaba ɗaya, gara ka jinkirta shekara guda ka shirya. Ka kuma yi shawara da iyalinka tun yanzu, domin su ma za su ɗanɗana.

A Amurka fa?

Can tsarin daban ne. Shekara 5 zuwa 6, ana fara da darussa masu zafi na mikro (tattalin arzikin gida da kamfani), makro (na ƙasa baki ɗaya) da ekonometri, sai jarrabawar tsallakewa kafin a taɓa tez. Sai ka iya Ingilishi sosai.

Akwai buris, tallafin karatu?

Ka je ANAB, hukumar buris ta Nijar, ka tambaya da kanka. Ka kuma duba shirin PTCI na haɗin gwiwar jami'o'in Afirka kan karatun tattalin arziki, da na AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziki ta Afirka mai cibiya a Nairobi. Ba ni nake rabawa ba, ku daina roƙona.

Na kai shekara 40, ban makara ba?

Ba ki makara ba, Hajiya. Na zauna a sutunans ɗin mutumin da jikarsa ke wasa a bayan zaure. Rubuto min batunki a shafi biyu, zan karanta.