Ma'anar furoksi, da abin da ke hana sikirif sauke fayil ta bayansa

Furoksi ɗan aike ne da ake girkawa tsakanin kwamfutocin ofis da intanet. Kwamfutarka ba ta fita da kanta, sai dai ta miƙa masa buƙata, ya je ya ɗauko ya kawo mata. Ofisoshi da makarantu na sa shi don toshe wasu shafuka da sanin wa ya shiga ina, wani lokaci kuma don ya ajiye kwafin abin da aka sauke, kada kowace na'ura ta ci data a kan fayil ɗaya. Yana da adireshi da lambar ƙofa. Ƙofar asali ta Squid, wata manhajar furoksi, 3128 ce, wasu kuma 8080 suke sawa.

Inda yake ba masu kula da kwamfutoci wahala shi ne wajen sikirif, wato jerin umarni da aka rubuta don ya sauke manhaja shi kaɗai. Mu ce ɗakin kwamfuta ne na wata makaranta a Daura. Burauza na buɗe shafi lafiya lau, sikirif kuwa ya yi shiru har lokacinsa ya ƙare. Layi bai lalace ba. Burauza ce aka nuna wa ɗan aike, shi sikirif ba wanda ya gaya masa, sai ya nufi ƙofar da aka kulle.

A Linux, kafin ka tayar da sikirif ɗin, rubuta:

export http_proxy=http://10.0.0.5:3128
export https_proxy=http://10.0.0.5:3128
export no_proxy=localhost,127.0.0.1

Sa adireshin naku a madadin wannan. Adireshin da ke layi na biyun ma da http yake farawa, ba kuskure ba ne. Ka rubuta sunayen da ƙananan baƙaƙe, don curl, umarnin sauke fayil, ba ya sauraron http_proxy idan da manya aka rubuta shi.

To ga ramin da aka fi faɗawa: sudo, umarnin da ke tayar da aiki da cikakken iko. Sikirif na mai kula yakan buƙaci iko, shi kuma sudo yakan share waɗannan saituna kafin ya fara aiki. Ka gwada da asusunka ya yi, ka sa sudo ya ƙi. Maganinsa sudo -E, idan tsarin ya yarda. Shi apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, gara a ba shi nasa na dindindin, a buɗe fayil cikin /etc/apt/apt.conf.d/ a rubuta:

Acquire::http::Proxy "http://10.0.0.5:3128";

A Windows ma ciwon ɗaya ne. Saitin burauza na mai asusun ne, don haka aikin da aka tsara ya tashi da dare a ƙarƙashin SYSTEM, asusun Windows ɗin kansa, ba ya ganinsa. Umarnin netsh winhttp show proxy zai nuna abin da ayyukan tsarin ke bi. A PowerShell kuwa, ƙara wa Invoke-WebRequest kalmar -Proxy da adireshin, sannan -ProxyUseDefaultCredentials.

In ka ga lamba 407, ka isa wurin furoksi, suna da kalmar sirri yake nema. Idan akwai @ a kalmar sirrin, rubuta %40, in ba haka ba adireshin zai rabe a inda bai kamata ba. Kuma kada a bar ta a fili cikin sikirif ɗin da kowa ke iya buɗewa.

Saura kukan satifiket, wato shaidar da ke tabbatar da inda saƙo ya fito. Wasu furoksi na buɗe saƙon https su duba, su sake rufe shi da nasu hatimin, sikirif kuma bai san hatimin ba. Da yawa sukan sa -k a curl, mai hana shi duba satifiket, don a wuce wurin. Don Allah a daina. Fayil ne da za a tayar da cikakken iko a kan kowace na'ura, ga shi an cire abin da ke tabbatar da inda ya fito. Karɓi satifiket ɗin daga mai kula da layin, a Ubuntu ka ajiye shi cikin /usr/local/share/ca-certificates/ da ƙarshen suna .crt, sannan ka tayar da update-ca-certificates.