Fentin Ƙananan Mayaƙa da Filin Daga a Wasan Yaƙi na Tebur

Wasan yaƙi na tebur wasa ne da 'yan wasa ke jera rundunonin ƙananan mutum-mutumi a kan faffaɗan tebur, su auna tazara da tef, su jefa ƙwayar lido don sanin wanda ya kayar da wani. A nau'insa na almara, mayaƙan dodanni ne, da matsafa, da gajerun mutane masu dogon gemu, da ƙwarangwal riƙe da takubba. Babu fenti ake sayar da su, yawanci ma a gutsuttsure, mai saye ne zai haɗa ya fente abinsa. Aikin ya bunƙasa har akwai gwanayen fenti da ba su damu da buga wasan ba.

Marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa dokokin wasa da sojojin dalma a 1913. Almara ta shigo ne a 1971 a Amurka, ta wasan Chainmail na Gary Gygax da Jeff Perren. Amma wanda ya mamaye fagen shi ne kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, wanda hedikwatarsa ke Nottingham yanzu. Shi ya fitar da wasan Warhammer a 1983, kuma tun 1987 yake shirya gasar fenti ta Golden Demon, inda gwarzon gasa ke tafiya gida da takobi na gaske.

Tsawon mayaƙi ɗaya yawanci milimita 28 zuwa 32 ne, kusan gaɓar yatsa. Da can da dalma ake zuba su, daga baya aka koma ƙarfen da ya fi yawan kuza, yau kuwa roba da rezin (wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri) sun fi yawa. Ƙanƙantar nan ita ce tushen fasahar duka. Abu ƙarami ba ya yin inuwar da ido zai gani daga nesa, don haka mai fenti shi ke zana masa haske da inuwa, har ya wuce yadda suke a zahiri.

Bayan an kankare layin da mazubi ya bari, akan fesa shafen farko, baƙi ko fari ko ruwan toka, don fenti ya kama. Sai launukan tushe da fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa. A nan sabon shiga ke yin ɓarna: ya lafta fenti mai kauri, fuskar jarumi ta toshe, ido da hanci su ɓace. Shi ya sa gwanaye ke nanata cewa shafe biyu masu ruwa-ruwa sun fi ɗaya mai kauri. Daga nan a zuba wani fenti mai duhu, tsararo, ya gangara cikin lungunan sulke da ninkin riga. A ƙarshe a bi gefuna da bakin buroshi da launi mai haske.

Filin daga ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi yafe kuskure. Da kwali, da sandunan ashana, da soso mai tauri na gini ake yin tsaunuka da kangaye da ganuwa. A shafa farin gam, a barbaɗa yashi, in ya bushe a yi masa fenti mai duhu. Sannan a tsoma babban buroshi a launi mai haske, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, a riƙa shafa shi sama-sama. Nan take duwatsu ke fitowa. Akan bar launukan fili a dushe, kada su danne rundunar da za ta tsaya a kai. Abin da ake kiyayewa shi ne fentin feshi na gwangwani: yana narkar da soso, sai an fara lulluɓe shi da gam ya bushe kafin a fesa.