Tsoron Lissafi

Tsoron lissafi wata irin faɗuwar gaba ce da ke kama mutum idan aka ajiye masa lambobi a gabansa, musamman a aji ko ɗakin jarabawa, sai tafin hannu ya hau gumi, kai ya ɗau zafi, abin da ya iya jiya da daddare ya bi iska. Ba daƙiƙanci ba ne fa, kuma daban yake da diskalkuliya, matsalar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya kasa gane lambobi tun yana ƙarami.

Wasu masana biyu a Amurka, Dreger da Aiken, sun yi rubutu a kai tun 1957, sai a 1972 Richardson da Suinn suka fito da ma'auni mai tambayoyi 98 na gwada ƙarfin tsoron a jikin mutum.

Yadda abin yake aiki shi ne, ƙwaƙwalwa tana da ɗan wurin ajiya na wucin gadi inda take riƙe lambobi tana jujjuya su, wurin kuwa ƙarami ne, to in tunanin "zan faɗi, za a yi min dariya" ya shiga ya baje a ciki ina lambobin za su zauna? Wani masani, Mark Ashcraft, ya yi bincike sosai kan wannan. A 2012 kuma Lyons da Beilock na Jami'ar Chicago suka gano cewa a masu wannan tsoro, sashen ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da jin zafi yana motsawa ne lokacin jiran lissafin, ba lokacin yin sa ba.

A nan Legas ba sai an je nesa ba. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 zai haɗa kuɗin kwando 47, ya cire na mota da na 'yan dako da la'ada duk a kansa, ɗan canji ma haka, amma ka miƙa masa biro da takarda sai ya ce "ni ba ni da kan lissafi". An ga irin haka a Recife ta Brazil a 1985, yara 'yan talla suna cin lissafin ciniki amma su kasa shi ɗin dai a rubuce. Galibi tsoron daga makaranta ake kwaso shi: bulala, hadda ba bayani, malamin da ke tsayar da yaro gaban allo a yi ta masa ihu, ga kuma WAEC a gaba, wadda in ba kiredit a lissafi yawancin kwasa-kwasan jami'a sun rufe.

Shi kuwa lissafi asalinsa neman tsari ne da kafa hujja, saurin bugawa aikin kalkuleta ne. Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hatimin lambobi, wanda ko ta ina ka tara layinsa jimla ɗaya za ka samu.

Abin da ke rage tsoron ya haɗa da atisaye kaɗan-kaɗan kullum, da komawa ajin baya inda aka fara ɓata ba tare da jin kunya ba, da bayyana wa aboki darasi da Hausa. Wani gwaji na Ramirez da Beilock a 2011 ya nuna ɗaliban da suka rubuta damuwarsu na minti 10 kafin jarabawa sun fi samun maki.